Batulu Mai Ruwan Kuka

Cikin daminar 1927 Batulu ta sauka a tashar Agege da ke gefen Ikko, bayan ta kwana biyu a jirgin ƙasa daga Zariya. Mijinta Uwaisu ya riga ta zuwa da shekara uku, yana aikin ɗaurin huhun goro a Zango, unguwar Hausawa. Ɗakin da ya kama mata ciki ɗaya ne, ginin ƙasa da rufin kwano, bangon duk ya yi baƙi saboda laima. Amma ita 'yar mai shafe ce, tun tana ƙarama take bin uwarta gidaje suna daɓe da shafen farar ƙasa, don haka ta ƙudura a ranta ba za ta jera kwanukanta jikin wannan bango ba.

Fari ta fara shafawa, bai yi wata ba ya koma kamar tsumma. Sai ta shiga neman launin da zai jure datti, ya kuma sanyaya ido. Abin da ke ranta shi ne launin garin kuka, kore mai duhu-duhu wanda ba ya ƙyalli. Ta samo shuni wurin wata Bayarabiya mai rini, ta daka gangamau, ta zuba su cikin farar ƙasa. Ashe farar ƙasar Ikko ƙonanniya ce, ba irin ta gida ba. Tana haɗuwa da gangamau sai kwaɓin ya juye ja wur. Uwaisu ya dawo ya leƙa kwaryar, ya tambaye ta ko mahauta ta buɗe bai sani ba.

Ba ta haƙura ba. Wata rana tana tsallaka hanyar jirgi ta hangi inda leburori suka yanke tudu, ga wata ƙasa rawaya a ƙarƙashin jar. Ta ciko zaninta. Ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta haɗa da shuni da farar ƙasa, ta jiƙa ƙaro ta zuba don ya kama bango. Sai a gwaji na bakwai ta ga abin da take so. Ranar sunan 'yarta ta fari, matan Zango sun fi kallon bango a kan jaririya, har wata tsohuwa ta lakato da yatsa ta sansana, wai ta ji ko kukar miya ce da gaske.

Daga nan ƙafarta ba ta ƙara zama ba. Hausawa suka sa wa launin suna ruwan kuka, maƙwabta Yarabawa kuwa suna aiko mata tun daga Oyingbo, can cikin Ikko. Tana da ƙa'ida guda: kafin ta kwaɓa komai sai ta ɗora bayan hannunta a bango, in ta ji sanyi, alamar bai bushe ba, ta ɗauki kwaryarta ta tafi.

Wannan ƙa'ida ce ta haɗa ta da Alhaji Mu'azu, babban attajirin goro, wanda Uwaisu ke aiki a ƙarƙashinsa. Ya yi sabon gini, yana so a shafe kafin Babbar Sallah. Batulu ta taɓa bango ta ce sai bayan wata biyu. Alhaji ya ce in ba za ta yi ba akwai masu fentin gwangwani a Ikko.

"Alhaji, gidanka ne, yadda ka ga dama za a yi," in ji ta, tana durƙushe. "Amma hannuna ba ya hawa ɗanyen bango."

Uwaisu ya kwana uku yana zullumin aikinsa. Aka zo aka yi fentin gwangwani mai sheƙi, jama'a suka yaba. Damina ba ta yi nisa ba ya kumbura, ya riƙa saɓulewa kamar ɓawon rogo. Alhaji bai aiko kowa ba, da ƙafarsa ya zo ƙofar gidan Uwaisu ya yi sallama, ya ce a gaya wa uwargida ita ce da gaskiya, ta zo ranar da ta ga ya dace. Ta bari sai da rani ya shiga, ta ɗauki mata huɗu, suka kankare gidan tas, suka shafe ɗaki tara cikin kwana goma sha biyu. A zauren nan Alhaji ya riƙa saukar da baƙinsa na Arewa, duk wanda ya tambaya sai ya ce aikin matar Zango ne, ba na Bature ba.

Batulu ta kusa shekara talatin tana wannan sana'a, ba ta kuma ɓoye wa kowa haɗin ba. Duk macen da ta zo koyo sai ta fara kai ta bakin hanyar jirgi ta nuna mata ƙasar. Da gwiwa ta hana ta hawa tsani, sai ta koma zama a kan kujera 'yar tsugunno tana duba kwaɓi, ɗiyarta Larai na shafawa. Aikinta na ƙarshe makarantar matan aure ce da aka buɗe a Zango, ita ta roƙa a bar mata. Da aka gama ta sa aka rubuta sunanta cikin ɗalibai, ta fara koyon baƙaƙe tana da jikoki shida.