Tsohon da Na Kora Daga Bakin Tafki

Kowace kaka muna haɗuwa a bakin tafkin ƙauyen Hongcun, mu wajen arba'in, kowa da allon zanensa. Bana sai ga wani tsoho a gabana, da rigar sanyi mai faci, zaune kan kifaffen bokiti. Na ɗauka mai tallar ganyen shayi ne.

Na ce, "Baba, gusa mana. Nan wurin masu zane ne, ba kasuwa ba."

"Ayya, na tare miki ruwan? Yi haƙuri, 'yata."

Ya ja bokitinsa ya koma can gefe cikin rana. Yatsunsa sun ƙandare, don haka da tsumma yake ɗaure burushi a hannunsa, yana jan ƙullin da haƙori. Kwalin taliya ne takardarsa. Layi uku kawai ya ja, sai ga gadar dutse tsaye, har da inuwarta cikin ruwa. Wataƙila tun kafin a haife ni yake zuwa nan, shi da abokan da babu su yanzu.

Ya hango allona, ya miƙo ɗan kwanon fentinsa. "Shuɗinki ya ƙare, 'yata. Ɗebi nawa."

Na karɓa da hannu biyu, kaina a ƙasa.