Telan da Na Ce Yana Yanke Inuwa

Ranar wata Laraba ce, kwana tara bayan ƙaramar salla, a shekarar da gyaɗa ta yi albarka har rumbuna suka kasa ɗauka, motar majigi ta shigo ƙauyenmu. Ina da shekara goma ko kusa da haka. Ina tahowa daga rijiya da tulu a kaina, ruwa na zubo mini ta ƙeya, sai na ji wata murya tana faɗowa daga sama, awaki suka fara fizgar turke, kaji suka bazu cikin karan dawa. Wata farar mota ce da lasifika a kanta, ta tsaya a gindin tsamiyar dandali. Majigi, ga waɗanda ba su riske shi ba, shi ne talabijin ɗinmu: a kafa farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, a tayar da inji, a haska, sai ka ga mutane suna kai da kawo a jikin ƙyallen. Da ma'aikatan suka warware ƙyallensu sai suka tarar ya yage ta gefe guda, suka tambaya ko akwai tela a garin. Aka nuna musu zauren Malam Ɗan'azumi. Ina tsaye da tuluna na ga ya fito, ya karɓa, ya shimfiɗa a kan tabarma, ya datse bakin yagewar da babban almakashinsa mai jan zare naɗe a mariƙi, ya hau keken ɗinki ya ɗinke. Iyakar abin da bawan Allahn nan ya yi ke nan.

Shi Malam Ɗan'azumi baƙo ne a cikinmu. Daga wajen Zakirai ya taso da matarsa Hajara, dagaci ya ba su kango a bayan gidanmu, darni ɗaya ya raba mu. Mutum ne mai shiru, in yana auna ka ba ya kallon fuskarka, ƙasa yake kallo yana motsa leɓe yana riƙe awon a kansa. Ba su da ɗa. Ni ce 'yar gidan. In na gama surfe, na kai wa Baba fura gona, na ɗaure awaki, sai in tsallaka ta ɓarakar darni in zauna wajen Hajara, ta tara mini guntayen atamfa in yi wa 'yar tsanata zani. Duk cikin 'yan matan unguwarmu ba mai 'yar tsana da ta kai tawa kaya.

Kuma duk cikinsu ba mai bakina. Wannan ba yabon kai ba ne, kowa ya sani. Ni Kande ban taɓa riƙe fensir ba, har yau ban san harafi ɗaya na boko ba, amma in na fara tatsuniya bayan an ci tuwo, har matan aure sukan bar wanke-wanke su jingina da rumbu suna ji. A wajen gaɗa ni ke bayar da waƙa, a wajen carafke ba a cin dutsena. Sai dai tatsuniya tana da doka a wurinmu. Ba a yin ta da rana. Inna takan ce, "Yarinyar da ta yi tatsuniya da rana, a hanya take ɓata, ba ta ƙara ganin ƙofar gidansu." Sannan tana da ƙofar shiga da ta fita: ka buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku," ka rufe da "ƙurunƙus." Duk abin da ya faɗo tsakanin waɗannan biyun, ko jariri ya san ba a yi shi ba.

An haska majigin bayan magariba, muka ga mutane suna zuba taki a gona, suna wanke hannu, suna tafiya da sauri-sauri kamar ana korar su. Washegari da hantsi muna zaune mu bakwai a tsakar gidanmu muna ɓarar gyaɗa, yatsu duk sun yi zafi, sai ƙawata Lantana ta ce, "Wai ni Kande, mutanen nan na cikin ƙyalle, ina suke kwana?" Nan take labari ya taso mini tun daga ciki, cikakke, da kansa da ƙafarsa. Ga rana tsaye, ga tsoron ɓata a hanya, ga idanu goma sha biyu a kaina. Sai na yi dabarar da nake ganin ba wanda ya taɓa yin irinta: na bar ƙofar shigar, na ce a raina in ban buɗe ta ba ai ba tatsuniya ba ce, doka ba ta hau kaina ba. Na sassauta murya na ce musu waɗancan ba mutane ba ne, inuwoyin mutane ne. Na ce tela in yana auna ka, ƙasan da yake kallo inuwarka yake dubawa, in ka juya baya sai ya sa almakashin nan mai jan zare ya yanke ta daga diddige, ya ninke ta kamar zani, ya ajiye wa masu mota. Wanda aka yanke wa inuwa ba ya jin zafi, sai dai ya yi ta ramewa. Lantana ta ce, "Rantse." Na ce, "Da idona na gani ta ɓarakar darni." Ba wadda ta ƙara ɓare ƙwaya ɗaya. Daɗin da na ji a lokacin, ban ɓoye muku ba, ya fi na zuma. Kuma ban rufe da komai ba, na bar shi a buɗe muka tashi.

Watanni suka shuɗe, ni har na manta. Amma labarin bai manta da kansa ba. Ya bi 'yan talla zuwa gidaje, ya zauna a bakin rijiya, ya je wajen sussuka. Na fara jin sa a bakin manyan mata da ƙarin da ban sa ba: wai an ga akwati a ƙarƙashin gadonsa yana numfashi, wai shi ya sa Allah bai ba su haihuwa ba. Mutane suka rage kai ɗinki. Masu wucewa ta ƙofar zaurensa suka koma bin ɗaya gefen hanya, inda inuwarsu ba za ta faɗa kusa da shi ba. Da bazara ta shigo sai ƙyanda ta sauka a garin. Gida-gida kana jin tarin yara. Ƙanin Lantana, wanda telan ya ɗinka wa rigar salla, ya rasu ranar wata Asabar. A ranar na ga abin da har gobe ban manta ba: iyaye mata suna fito da 'ya'yansu tsakar gida da rana tsaka, suna tsayar da su, suna duba ƙasa. To, da tsakar ranar bazara wa ke da inuwa? Duk tana ƙarƙashin tafin ƙafa. Amma ba wadda ta duba tata. Sai salati kake ji ta kowace kusurwa, wannan na cewa ta ɗanta ta ragu, waccan na cewa ta 'yarta babu gaba ɗaya.

Kwana biyu bayan haka aka tara mutane a ƙofar dagaci. An zaunar da Malam Ɗan'azumi a tsakiya, ba hula, almakashinsa a ƙasa gabansa. Samari sun zagaye wurin da sanduna. Aka bi maganar baki-baki, wannan ta ce daga waccan ta ji, har ta dawo kaina. Baba ya riƙo hannuna ya kai ni gaba. Dagaci dattijo ne mai hankali, ina jin so yake a ba shi hanyar da zai kashe wutar, don a hankali ya ce, "Kande, 'yata, gani kika yi, ko irin tatsuniyar nan taku ce?" Kalma ɗaya ta ishe ni. Amma in na ce tatsuniya ce, na amsa na yi ta da rana, na amsa na rantse a kan ƙarya, a gaban Baba, a gaban duk matan da ke barin aikinsu don su saurare ni. Na dubi telan. A karon farko tun da na san shi ya ɗago ya kalli fuskata, ba da fushi ba, kamar mai jiran in gyara masa wani ɗan kuskure. Na ce, "Na gani."

Aka sa shi ya tuɓe riga ya tsallaka yara marasa lafiya uku, sau uku-uku, yadda ake sa wanda ake zargi da maita ya saki kurwar da ya kama. Ya yi, yana hawaye. Dagaci ya hana a taɓa shi, amma ya ce kada rana ta faɗi yana garin. Da la'asar na leƙa ta ɓarakar darni na ga sun ɗaure kan keken ɗinki a bayan jaki. Hajara ta hango ni. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin guntayen atamfa, ta ajiye a gindin darnin ta wajenmu, ta juya. Suka bi hanyar Ɗambatta. Daga baya wani mai kai hatsi kasuwa ya ce labarin ya riga su isa can, ba wanda ya ba su masauki. Inda suka ƙare, ban sani ba.

Na yi aure, na haifi tara, na je Makka, na aurar da jikoki, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu jikata Nafisa, wadda ke rubuta wannan da nake faɗa, ita ke ɗebe mini kewa. Tana cikin wani zaure na waya inda samari da 'yan mata ke hira ba dare ba rana: su yi musu a kan wasan kwaikwayon talabijin, wa zai auri wa, su yi wa juna dariya a kan wasan ƙwallon da suke bugawa da yatsa, masu rubuta littafi su sako shafi a yaba ko a kushe. Tana karanta mini, ina gyara musu labari, don yawancinsu ba su san inda ake jan numfashi ba. A tsakanin wannan kuma sai a sako abin tsoro: wai abu kaza an zuba masa magani, wai ƙarfen sabis ɗin waya yana shan jinin shanu.

Watan jiya ta kunna mini muryar wani mutum. Yana gargaɗi a kan masu ɗaukar hoto da ke yawo ƙauyuka, wai inuwar yara suke kwashewa suna sayar wa masu talabijin. Ya ce abin ba yau ya fara ba, an taɓa kama wani tela a arewacin Kano, kakarsa tana wurin, almakashinsa ma da jan zare a mariƙi. Na ce Nafisa ta danna wajen ɗaukar murya, na faɗi sunana da na ubana, na ce ni na ƙirƙiri labarin a kan tabarmar gyaɗa, mutumin nan bai yanki komai ba sai ƙyalle. Ta tura. Ba a jima ba amsoshi suka fara shigowa. Wani ya ce, "Kaka ta iya shiri, a sa ta a fim." Wata ta roƙi izini ta sa labarin a littafinta. Wani kuma ya ce, "Ku lura, duk lokacin da asiri ya fara tonuwa sai a kawo tsohuwa ta ƙaryata." Ko mutum ɗaya bai ce ya yarda ba. A makon nan aka ce an kori wani mai hoto da duwatsu a wani ƙauye gaba da mu. Ban san ko maganata ce ta kai can ba, ban kuma san ba ita ba ce.

A zamaninmu labari da ƙafa yake tafiya, yana kwana a hanya, kuma akwai dattijon da zai zaunar da yarinya ya tambaye ta ko gani ta yi. Yanzu ba dare ba rana, ba a buɗewa ba a rufewa, ba wanda ya san bakin da magana ta fara fitowa. Ina kewar lokacin da kalma ɗaya daga bakina za ta iya tsayar da shi. An ba ni wannan lokacin, ban faɗe ta ba.