Kasar da Baba Ya Tufka

Shekarar da igiyar roba ta cika kasuwar Kankara, shuɗiya da ja, aka daina sayen igiyar Baba. Shi kuwa hannunsa bai iya zama haka nan ba. Ga rama jibge a zaure, sai ya koma tufka dabbobi da ita, kunkuru ne, ƙadangare ne, muna ta murna. Sai ranar da ya tufka kasa, macijiyar nan mai kauri da ke kwanciya shiru har a taka ta.

Wallahi har yau ina jin haushin gwanintarsa. Ya rina ta da jar ƙasa da kunkunniya, ya fitar da zanen bayanta, ya ajiye ta ƙarƙashin rumbu, wai don ɓeraye.

Inna ta ce, "Malam, ka fid da mani abin nan daga gida. Kana koya ma yara raina maciji."

Dariya kawai ya yi.

Gaskiya ta faɗa. Kafin wata guda mun saba. Mu ja wutsiyarta, mu goya ta kamar 'yar tsana. Inna kaɗai ke kewaye rumbun daga nesa tana addu'a, mu kuwa muna yi mata tsiya. Damina ta kankama, ciyawa ta kai bakin danga, kwaɗi suka cika tsakar gida, kuma kowa a garinmu Ketare ya san abin da ke bin kwaɗi.

Ran nan da hantsi Inna ta hura wuta, ta miƙo mani ƙwaryar fura in kai ma Baba zaure. Ta hango abin miƙe a inuwar rumbu, ni ma na gan shi. Ta ce, "Yau dai tsoro ya ƙare, sai na ƙona tsinanniyar nan." Na fita ina ƙyalƙyala dariya.

Ina shiga zaure na iske Baba da kasarsa a cinya, yana gyara wutsiyar da muka tsinke.

Ƙwaryar ta suɓuce mani. Kafin in buɗe baki muka ji salatin Inna.

Ta rayu, amma hannun dama ya shanye. Ni na riƙa ɗaura mata kallabi har na yi aure. Ko sau ɗaya ba ta ce ma Baba "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa, da ya fi mana sauƙi.