Gurbin Turmi

Na taɓa ba wani direba ɗan Shinkafi hayar sashe ɗaya na gidana a Ƙaura Namoda. Ya daɗe a ciki da iyalinsa, har muka shaƙu.

Ranar da zai tashi na shiga dubawa, na tarar daɓen tsakar gida ya lotsa inda matarsa take daka. Na kira maƙwabta su shaida, na ce wannan ɓarna ce.

Ya ce, "Haba Baba, wanga ai wurin turmi na. Bisa iska za a daka gero?"

Maƙwabta suka yi dariya, ni kuwa na ji haushi, na kafe. Ya kawo magini aka sake daɓen, sannan ya kwashe kayansa.

Daga baya na lura akwai irin wannan gurbi ƙarƙashin turmin mai ɗakina, kuma ban taɓa kiransa ɓarna ba. Har yanzu mukan haɗu a Kasuwar Daji. Yakan gaishe ni da ladabi daga cikin mota, amma ba ya kashe inji.