Alƙiblar Gidan Auta

Ni dama mutum ce mai zargi, kowa a gidanmu ya sani. In aka ce min an je kasuwa sai na duba takalmi na ga ko ya yi ƙura. Saboda haka da muka sauka a Alƙahira ni da Umma, autanmu ya tarbe mu a filin jirgi yana ta rawar jiki, ban gama rungumarsa ba na fara ƙare masa kallo.

Ciwon zuciya ne ya kai mu. Likitocin gida sun ce akwai wata ƙofa a zuciyar Umma da ta daina rufewa da kyau, sai an yi aiki an canza ta. Auta kuwa ya daɗe a Masar. Karatun haɗa magunguna ya kai shi, da ya gama ya samu aiki ya zauna, don haka shi ya nemo asibiti ya shirya komai. Ni ce babbar mace, ni aka haɗa da jinya.

Abu na farko da ya tsaya min a rai shi ne unguwar. A da in ya kira waya, Madinat Nasr yake cewa, inda ɗalibanmu suke cike, ana girki tare ana jam'i tare. Sai ga shi ya kai mu unguwar Faisal, wani dogon bene a cikin lungu, ba Bahaushe ko ɗaya, shi kaɗai kamar maye. Na ce, "Me ya raba ka da 'yan'uwa?" Ya ce nan ya fi kusa da wurin aikinsa. Na ce to, amma na ajiye maganar a gefe.

Da na nemi abin sallah ya ɗauko min darduma daga saman kabad. Sabuwa ce fil, layin ninkin kanti bai ko baje ba, har da ƙamshin leda. Ya ce don mu ya sayo. Ban ga tsohuwar ba, ban kuma tambaya ba.

"Ina ne alƙibla?" na ce.

Ya dubi falon, sannan ya nuna tagar da rana take ɓullowa. "Nan ne gabas, Yaya."

Ban kawo komai ba. Mu tun da muka tashi gabas muke kallo, in ka san mafitar rana ka gama. Na shimfiɗa darduma, na juya wa Umma kujerarta tunda a zaune take sallah, muka ci gaba da harkarmu a haka har kwanaki.

Wata Bamisiriya ce ta tona zancen, maƙwabciyarsa ta ƙofar da ke kallon tamu, wata dattijuwa mai jiki da surutu. Ta ji an kawo mara lafiya, sai ta shigo da kwanon miyar lalo irin tasu mai tafarnuwa. Umma tana barci a ɗaki, Auta yana wurin aiki, ni kuma na ɗauko darduma zan yi azahar. Ina shimfiɗawa matar nan ta dafe ƙirji. Ta ajiye kwano, ta kama kafaɗuna biyu ta murɗa ni zuwa dama kamar tana juya buhu, sai da na fuskanci kusurwar da firij yake. Ta ja dardumar ta daidaita, tana nuna can tana cewa "Makka, Makka," tana haɗawa da ma'alish, ban-haƙurinsu. Larabcina bai wuce na sallah ba, amma wannan ba ya buƙatar tafinta. Ashe a Masar alƙibla ta karkata kudu sosai.

Na yi sallar jikina a sanyaye. Kuskuren kwanakin nan bai dame ni ba, Allah ya san ban sani ba. Abin da ya dame ni, mutum ya shekara da shekaru a ƙasa, ya zauna a gida har labule ya koɗe, a ce bai san inda ake kallo ba? Ko yaron goye aka kawo ai ya ci a ce ya gane.

Da Umma ta tashi la'asar na juya kujerarta wajen firij. Ta ce, "Lafiya?" Na ce iskar taga tana dukan ta, nan ya fi. Ta dube ni, ta dubi kujerar, ta zauna ta tayar da kabbara.

Daga ranar na sa masa ido sosai. Kuma abin haushi, ban samu inda zan kama shi ba a wajen kula da Umma. Shi yake dafa mata abinci ba gishiri, ya zauna ya lallashe ta ta ci. Shi yake matsa mata ƙafafun da suka kumbura. Maganinta kuwa ko minti ba ya bari ya wuce. Amma ban taɓa jin ya ce Allah ya ba ki lafiya ba, sai dai "Za ki warke, Umma, likitan nan ya san aikinsa." In mun ɗaga hannu shi ma ya ɗaga, sai dai idonsa yana kan farcen Umma yana duba launinsa. Ana kiran sallah zai zura takalmi ya ce ya tafi masallaci, ya dawo fuska a jiƙe, hannun riga a naɗe. Umma ta bi shi da Allah ya yi albarka. Ni kuwa na lura gwiwar wandonsa ba ta taɓa lanƙwasa ba.

Na yi tunani iri-iri. Na ce ko wata ce ta juya masa kai. Na ce ko shaye-shaye ya fara, har sansana rigunansa na yi a kwandon wanki. Na ce ko wata ƙungiya ya shiga. Wayarsa ma da na san lambar buɗewa da na bincika, ba zan ɓoye ba.

Ana saura kwana kaɗan a yi aikin, ranar yana gida, aka kira la'asar ya fita. Na ce wa Umma zan sayo gurasa, na zari mayafi na bi shi. Masallacin a ƙasan wani bene yake, a bakin lungu. Ina kallo ya wuce ƙofar ko waiwaye bai yi ba. Ya je gaban shagon mai matse rake ya zauna a kan dakali, bai sayi komai ba, ya fito da waya ya ƙura mata ido. Yaran ƙananan motocin haya suna ta ihu a babban titi, shi ko motsi. Da mutane suka fara fitowa daga masallaci ya miƙe, ya je wajen tulunan ruwan sadaka da ake ajiyewa a bakin hanya, ya naɗe hannun riga, ya shafa ruwa a fuska da damatsa. Yana juyowa muka yi ido huɗu.

"An idar?" na ce.

Bai yi gardama ba. Da ya yi ma da na fi jin daɗi, da na samu abin faɗa.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Yaya."

"Wace ce? Ka gaya min gaskiya, wace shegiya ce?"

"Ba kowa. Ba wanda ya yi min komai. Na duba zuciyata ne ban samu abin a ciki ba. Na jima ina yi ko zai dawo, bai dawo ba."

"Sallar ce ba ka samu ba, ko Mai sallar?"

Ya sunkuyar da kai. "Duka."

Innalillahi. Na zauna a dakalin da ya tashi. Yaron da ni na goya, ni na koya masa Fatiha ina tsefe kaina yana maimaitawa! Na zage shi, wallahi na zage shi tas, mai rake yana leƙenmu. Na ce munafuki ne, yana wasa da ruwa yana karɓar albarkar tsohuwa a kan ƙarya. Ya tsaya yana ji. Da na gaji na sa shi ya buɗe wayar, na fizge ta daga hannunsa, don har lokacin ban cire rai da cewa mace ce ba. Takardun gwajin Umma ne, hoto bayan hoto.

"To kai yanzu," na ce, "uwarka za a tsaga wa ƙirji. Wa kake roƙo?"

"Ba kowa."

"To me kake yi?"

"Ina karanta waɗannan. In na gama in koma farko. Na je na ba da jini an ajiye mata. Na san ma'aikaciyar da za ta kwana a kanta, na roƙe ta. In duk sun ƙare sai in wanke kwanuka."

"Yana rage maka?"

"Ba ya ragewa. Lokaci kawai yake ci." Ya goge ruwan da ke gangarowa a haɓarsa. "Ke in tsoro ya kama ki kina da inda za ki kai shi. Ni nan yake zama."

Sai ya roƙe ni kada in gaya wa Umma. Ya ce likita ya hana a tayar mata da hankali kafin aikin, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Na ce lallai, ka iya fakewa da likita. Ban ce masa eh ba, ban ce a'a ba. Na sayi gurasata na hau sama, ya biyo ni a baya.

Kwanakin da suka rage ban ji daɗinsu ba. In na yi shiru na zama abokiyar ƙaryarsa. In na faɗa, wa ya san abin da zai faru da zuciyar da ko hawan matakala ba ta iyawa? Kuma Umma ba ta taimaka min ba. Kullum ta kira 'yan gida sai ta ce ita hankalinta kwance yake, tana da ɗa a ƙasar malamai yana yi mata addu'a. Duk lokacin da ta faɗa sai na ji kamar in fasa ihu.

Da safen da za a shiga da ita, an sa mata rigar asibiti, an cire mata zobe da awarwaro an damƙa min. Na yi mata tofi na shafe ta. Sai ta miƙa hannu ta ce, "Auta, zo ka yi min naka."

Na ce a raina yau zan ga ƙarshen iya shege. Na matso kusa da gangan kamar ina gyara mata filo, na kasa kunne. Ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a goshinta, leɓɓansa suna motsi. Ba aya yake karantawa ba. Cewa yake, "Ki dawo, Umma. Ki dawo min. Don girmanki ki dawo." Ya yi ta maimaitawa a hankali, sannan ya hura mata iska a goshi. Umma ta lumshe ido ta ce amin. Na ja baya na ba su hanya. Aka tura gadon.

A wurin jira na zauna na fito da carbina. Wasu Misirawa a gefe sun buɗe Alƙur'ani, wata mata mai gicciye a wuyan hannu tana ta motsa baki. Kowa da abin da ya riƙe. Auta ya je ya dawo, ya gyara zaman kujerun da ba wanda ya ce ya gyara, ya sayo min shayi, ya sake sayo wani ban sha na farko ba. Daga baya abin yi ya ƙare masa. Ya zauna kusa da ni da silifas ɗin Umma a cinyarsa, ya riƙe su da hannu biyu. Ni da nake zargin zuciyarsa ta bushe, ban taɓa ganin mutum cikin tsoro irin wannan ba. Haushinsa nake ji har lokacin, amma tausayi ya fi ƙarfina.

Ina cikin jan carbi a ɓoye ya ce, "Yaya, ɗan ɗaga murya."

Na harare shi. "Ka ce ba mai ji."

"Ni ina ji," ya ce. "Haka Umma take yi in muna zazzaɓi."

Na ɗaga. Ya jingina kansa a kafaɗata, ƙaton mutum da gemu, muka zauna a haka har likita ya fito ya ce tamam, an gama lafiya.

Umma ta murmure a hankali. Ban gaya mata ba, na ce sai ta yi ƙarfi, da ta yi ƙarfi kuma na ce sai mun koma gida. Ranar tafiya Auta ya sauka da akwatuna ya tsaya neman mota. Na idar da sallah na kama dardumar zan ninke in mayar saman kabad. Umma tana zaune a kujerarta, tana fuskantar firij.

"Bar ta a shimfiɗe," ta ce.

"Umma, ƙura za ta yi."

"Ta yi. Ki bar masa ita a yadda kika juya ni ranar nan da kika ce iska." Ta gyara mayafinta ba ta dube ni ba. "Ko ba komai ya san inda take kallo."

Na saki dardumar. Auta ya ƙwala kira daga ƙasa cewa mota ta zo, na kama hannunta muka fara sauka a hankali.