Wandon Auta da Almakashin Gwaggo

Duk gidan da ka shiga a danginmu ka ce a nuna maka hotunan da, amsa ɗaya za a ba ka: "Suna wajen Gwaggo." Ba wanda ya naɗa ta wannan sarauta. Ita ce babba a ɗakinsu, ita ke da durowa mai makulli, kuma in ta miƙo hannu ta ce "Kawo in adana," ba ka da bakin cewa a'a.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tela ce, ta haura shekara hamsin tana taka keke a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidanta. Tun da na buɗi ido haka na san ɗakin: baƙin keke a gindin taga, buhun ƙyallaye a bayan ƙofa, tef rataye a wuyanta, guntun alli a bayan kunne. Sai babban almakashinta mai baƙar mariƙa, wanda ba a taɓawa. Sau ɗaya na yanka kwali da shi ina yaro, har yau kunnena na hagu bai manta ba.

Gwaggo ba ta gaba da kowa. Cewa take gaba aikin marasa sana'a ne. In ka ɓata mata rai, za ta amsa gaisuwarka, ta ba ka ruwa, ta tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ba da baya ta buɗe durowa, ta ɗauko kundin hotuna, ta bi shi shafi-shafi tana yanke kanka a duk inda ya fito. Yanka take mai kyau, zagaye kamar kwabo, ko kafaɗar na kusa da kai ba ta taɓawa. Kawunan kuma ta zuba su a gwangwanin maɓallai. Ranar da ka zo ka ba da haƙuri, ta sa zare a allura ta mayar maka da kanka inda yake.

Shi ya sa tarihin gidanmu a wuya ake karanta shi. Baffa, mai bi mata, an sare shi sau huɗu, takardar wuyansa ta gaji da allura har sai da aka yi mata faci da ƙyalle ta baya. Matar Baffa ta taɓa ba da haƙuri tana harare-harare, aka mayar mata da kai a karkace, kuma haka yake a hoton bikinta har gobe. Mijin Gwaggo kuwa, marigayi mai gyaran rediyo, ba ta ma ɓata zare a kansa. Da fil take maƙala nasa, don ba ya cika mako biyu a jikinsa.

Mutum ɗaya ne kansa ya shiga gwangwani bai sake fitowa ba: mahaifina, autansu, wanda kowa ke kira Auta.

Labarin kowa ya san shi. Da Auta ya sami aikin karanta mitar ruwa, Gwaggo ta ɗinka masa wando mai ruwan toka don ranar fara aiki. Ya sa, ya je aka ɗauke shi hoto, ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki, mata uku na zaune suna jiran awo, ya ce, "Yaya, ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo da inci biyu." Gwaggo ta ce tun da take ba ta taɓa kuskuren awo ba, sai dai in ƙafarsa ce ɗaya ta fi ɗaya. Auta ya ce tef ba ya ƙarya. Kafin la'asar kansa na cikin maɓallai.

Shekara tara suka yi a haka. Ya ƙi ba da haƙuri, ta ƙi mayar da kai. Kuma ba wai sun daina shiri ba ne. Kullum ya taso aiki sai ya biya ya zauna a kan buhun ƙyallaye su yi ta hira, ita ta yi masa hidimar aure, ita ta fara yi mini wanka. Amma duk sabon hoton da aka ɗauka, shi da kansa zai karɓo daga mai hoto, ya wuce kai tsaye ya ajiye mata a kan keke, ta ɗauki almakashi a gabansa. Hoto goma sha huɗu. A kowanne kuma wandon nan ne a jikinsa, ƙafar hagu na sharar takalmi. Ta cire mai shaida, ta bar shaidar a tsaye.

Ina ɗan shekara uku ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Ban riƙe fuskarsa ba. Na girma na san ubana daga wuya zuwa ƙasa: kafaɗa mai faɗi, biro biyu a aljihu, agogo a hannun dama, da wando mai ƙafa ɗaya doguwa. Inda fuska take, baƙar takardar kundin ce ke leƙowa. Ina yaro na ɗauka haka ake yi wa duk wanda ya rasu.

Ban taɓa tada maganar ba sai da aka haifa mini ɗa. Duk tsohuwar da ta karɓe shi sai ta ce, "Auta sak." Baffa ya ce kunnuwan. Inna, mahaifiyata, ta ce goshin. Ni ina tsaye kamar baƙo ina ta cewa "Haka ne," alhali ban san abin da nake gaskatawa ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ina da shekara talatin da takwas, na girmi ubana da shekara shida, ban san kamanninsa ba, kuma fuskar tana nan cikin gwangwani, tafiyar minti ashirin daga gidana.

Wata Asabar da hantsi na je. Gwaggo ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, ta daina karɓar ɗinki, amma tana nan zaune a bakin keke kamar mai gadi. Na gaishe ta, na zauna a kan buhu, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Bai ba da haƙuri ba."

"Gwaggo, shekara talatin da biyar da rasuwarsa."

"To ni na hana shi bayarwa kafin nan? Shekara tara yana zaune inda kake zaune."

"To ni na bayar a madadinsa. Ki yi haƙuri."

"Kai ka sa wandon?"

"A'a."

"To ina ruwanka?"

Na ce ko leƙawa ce ta bar ni in yi, in gani ta mayar. Ta ce gwangwaninta ba gidan kallo ba ne. Ina da zuciya, kuma an ce gado na yi. Na miƙe na ce mata abin da take yi zalunci ne. Ta ce in gaida mai jego, in kuma ja mata ƙofa don iska na kaɗa zare.

Daga nan gidan Inna na nufa ina huci. Ta bar ni na gama, sannan ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati. Ta fito da wandon, a ninke cikin tsohon zane, yana warin ajiya.

Ta ce, "Sau nawa na ce ya kawo in kalmashe masa. Telan bakin titi ma ya ce minti biyar ne. Sai ya ce, Yaya ce ta ɗinka, in ragewa ne ita za ta rage. Ba ya sa shi zuwa aiki, tun ranar farko. Sai za a ɗauki hoto ya ce in ɗauko masa."

"Tsokana ke nan?"

"Ni ma haka na ɗauka. Amma ban taɓa ganin ana goge abin tsokana sau biyu kafin a sa ba. Shi yana jira ta ce kawo in gyara, ita tana jira ya ce yi haƙuri. Kai musu wandonsu, ni na gaji da gadinsa."

Washegari na koma. Na ɗora wa Gwaggo wandon a cinya. Ta shafa ƙugun, ta bi ɗinkin aljihu da babban yatsa, na ga hannun ya tsaya. Can ta ce in share tebur.

Ta shimfiɗa wandon, ta zare tef daga wuya, ta kafa shi a ƙugu ta ja zuwa bakin ƙafar dama, ta danne da farce.

"Ba na ganin lamba. Karanta."

"Arba'in."

Ta koma ta hagu, ta ja, ta danne. Na duba. Arba'in da biyu, ɓaro-ɓaro, ko makaho ya shafa. Na dubi tef, na dubi durowa. Na ce a raina, ubana ya faɗi gaskiya ya yi shekara arba'in da huɗu a gwangwani, ni ba zan maimaita ba.

Na ce, "Arba'in, Gwaggo. Daidai suke."

Ta ɗago ido ta dube ni, ko in ce ta dubi wajen da take zaton nake.

"Maƙaryaci. Ubanka bai taɓa yi mini ƙarya ba." Ta tattara ƙafafun biyu ta haɗa bakinsu, rarar ta fito a fili. "Arba'in da biyu ne. Tun kafin ya buɗe baki na gani, yana shigowa. Yaro na goye yana kuka ranar da na yanka, na ɗauke ido. Da ya bari matan nan sun tafi, da ko zama bai yi ba na gyara."

"To me ya hana ki faɗa daga baya?"

"Me ya hana shi kawowa? Kullum hoto yake kawo mini, ba wando ba." Sai ta juyo kaina. "Sa mini zare, kana tsaye kamar turke."

Na sa mata zare a allura. Ba ta hau keke ba, da hannu ta yi. Ta warware tsohuwar kalmasa, ta ninke inci biyu da awon yatsa, ta bi a hankali, ɗinki ƙanana a jere kamar mai ido. Ta ciji zaren, ta sake haɗa ƙafafun, suka zo daidai. Ta ninke wandon ta ajiye a kan buhun ƙyallaye, inda yake zama.

Sannan ta ciro makulli daga bakin zane.

Na yi zaton cikin maɓallai za ta tona. Ashe nasa daban suke, a ƙasan gwangwanin, ƙulle cikin ƙyalle mai ruwan toka, ragowar yadin wandon. Ta kwance ta juye su a tebur, goma sha huɗu, gefunansu duk sun yi laushi don shafa. Na fara juya su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko saurayi ne mai faɗin goshi da manyan kunnuwa, ya ɗaure fuska irin ta sabon ma'aikaci. Na biyu ya zaro harshe. Na uku ya karkace ido. Na huɗu ya kumbura kumatu kamar mai hura wuta. A hoton aurensa, inda Inna ke tsaye gefensa tana sunkuyar da kai, ango ya kanne ido ɗaya ya wage baki. Wanda yake riƙe da ni ina jariri, ya tura leɓe ya ɗaga gira. In ban da na farko, babu ɗaya na kirki.

Na ce, "Gwaggo, mene ne wannan?"

"Ya san ba mai gani sai ni. Kowa na kallon mai hoto, shi yana yi mini gwalo." Ta laluba ta ɗauki ɗaya, ta shafa gefensa. "Wannan mai harshen ne ko? Na san shi, almakashi ya ɗan zame a nan. Dariya nake yi."

Na yi dariya har na kasa tsayawa, daga nan abin ya juye mini, na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ina ɗan shekara uku. Gwaggo ta bar ni. Da na lafa ta ce in na gama in sa mata wani zaren, aiki na jiranmu.

Mun kai la'asar muna yi. Ni ke nemo gangar jiki, ita ke gane kan da ya dace da ita ta bakin yanka, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da muka gama ta ce in buɗo hoton aurena. Na buɗo ina murna, na ɗauka albarka za ta sa. Ta laluba, ta tambaya ko ni ne a dama, na ce ni ne. Sai ji na yi ƙaras.

"Wannan na ƙaryar da ka yi mini ne," in ji ta, ta jefa kaina cikin maɓallai.

Ta ba ni aron hoto ɗaya, na kwana uku, da sharaɗi. Na zaɓi mai harshen, na kai aka faɗaɗa shi, har zaren wuyan ya fito. Matata ta ce a duk hotunan duniya wannan zan kafa a falo? Na ce wannan. Na ɗauko yaron na ɗaga shi kusa da bango, na dubi wannan na dubi wancan, na daɗe ina dubawa. Kunnuwan ne, da goshin. Da Baffa ya zo ya sake cewa "Auta sak," na ce masa, "Na sani."