Kanwar Ilu Maƙeri

Ilu maƙerin Kurfi mutum ne mai son sanin komai, mai kuma mugun rowar abin da ya sani. Shekarun da garmar shanu ta fara yawa a ƙasar Katsina, wani mai gyaran mota a Dutsin-Ma ya nuna masa wani farin gari, boras, da suke barbaɗawa in za su liƙe ƙarfe. Ilu ya sayo buhu guda.

Daga nan ba ya ci ba ya sha, sai gwaji. Ya gano in garin ya hau jan ƙarfe narkewa yake, ya kwashe tsatsa, haɗi ya kama gam. Ya ga harshen wuta na yin kore-kore. Har kyankyasai ya ga suna mutuwa in sun lasa, abin da ya kamata ya tsorata shi ke nan. Bakin garmar da sauran maƙera suka yar, shi ke tayar da shi. In an tambaye shi sirrin sai ya ce, "Kanwa ce kawai." Don ƙaryar ta zauna, a buhun kanwa ya juye garin.

Manu, makiyayi daga Dabawa, amininsa ne. Ilu ne ya haɗa masa takobin ubansa da ya karye biyu. Wata ranar kasuwa Manu ya biyo neman kanwa, bai tarar da shi ba. Kulu, matar Ilu, ta raba buhun biyu ta ba shi rabi don shanunsa. Me ta sani? Abin da mijinta ya gaya wa duniya, shi ya gaya mata.

Shanu suka sha. Zawo, karkarwa, suka yi ta zubewa, Manu na bi yana yankawa har wuƙa ta dakushe.

Washegari da hantsi Manu ya iso maƙera, riga jina-jina.

"Ilu, mi kuka ba shanuna?"

Ilu ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, takobin nan da ya haɗa wa Manu ya riga shi. Ya kare da hannun dama. Saran ya datse wuyan hannun, ya sauka kan uwar maƙera, jini ya yi tsartuwa cikin garwashi. Kulu ta faɗi tana kururuwa.

Aka ɗaure Manu. Ilu bai sake ɗaga masabar ƙira ba, ya koma yi wa ƙannensa zuga da hagu. Abin haushi, har ya tsufa, in aka tuno ranar sai ya ɗaga dungun ya ce, "Amma kun ga takobin nan? Ko kan uwar maƙera haɗin bai buɗe ba."